Gaskiya ko Jita-jita: 'Ya'yan Tsila a Ƙwaƙwalwa, Ido da Hanta

A watan Maris na 2019, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga labarin wani saurayi ɗan shekara 18 da aka kai asibiti a Faridabad ta ƙasar Indiya. Farfaɗiya ce ta kayar da shi, idonsa na dama ya kumbura, ga ciwo a mara. Da aka ɗauki hoton kansa sai aka tarar ƙwaƙwalwar ta cika da ƙananan jakunkunan ruwa, ko'ina birjik. Aka duba idon, suna nan. Aka duba marainansa, nan ma suna nan. Kowace jaka ɗan tsila ne a naɗe a ciki. Bayan mako biyu rai ya yi halinsa.

Irin wannan hoto ba ya daɗewa bai iso wayoyinmu ba. A majalisun unguwar Sarkin Dawaki da teburan masu shayi na cikin Jalingo, kowa da fassararsa. Wani ya ce ƙaryar masu neman mabiya a Facebook ce. Wani ya ce ciwon wasu ne can, ba namu ba. Wani ya ce jifa ne, likitan ne dai bai gane ba.

Jalingo kuwa gari ne da ya tara jama'a. Fulani da Hausawa da Mumuye da Jukun Kona da Tibi kasuwa ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha. Shanun kasuwar Iware suna shigowa mayanka, akwai masu kiwon alade a wasu unguwanni da ƙauyukan kewaye, ga karnukan farauta da na gadi. Duk abin da tsila take bukata don ta rayu akwai shi a nan, saboda haka ya kamata a tankaɗe maganganun nan a rairaye.

Tsila iri-iri ce, amma uku suka fi shafarmu: ta shanu, wadda masana ke kira Taenia saginata, ta alade, Taenia solium, da ta kare, Echinococcus granulosus. Kowace rayuwarta hawa biyu ce. Uwa tana zaune a hanjin wata halitta, 'ya'ya suna kwance a naman wata. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin ba zai ba shi wahala ba.

"Tsila iyakarta ciki"

Jita-jita ce. Uwar tsila kam a hanji take. Ta shanu takan kai mita 4 zuwa 12, ta alade mita 2 zuwa 7. Fararen gutsattsarin nan da mai tsila yake gani a bayan gidansa gaɓoɓinta ne, kuma gaɓa guda ta tsilar alade tana ɗauke da ƙwai kimanin 50,000.

Idan alade ya haɗiye ƙwan, sai ya ƙyanƙyashe a hanjinsa, ya huda bangon hanjin, ya faɗa cikin jini. Jini ya kai shi tsoka, ya lafe, cikin wata biyu zuwa uku ya zama jakar ruwa mai faɗin kimanin santimita 1. Abin tashin hankalin shi ne, ƙwan tsilar alade bai san bambancin cikin alade da cikin mutum ba. In mutum ya haɗiye shi, hanyar nan dai zai bi. Jini kuma babu lungun da ba ya shiga. Shi ya sa likitoci suka sha samun jakunkunan a ƙwaƙwalwa, da laka, da harshe, da tsokar zuciya, da mama, da ƙarƙashin fata. A cikin ƙwayar ido har likita yakan hango ɗan tsilar yana motsi idan ya haska.

Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun a 1919 wasu masana biyu a Ingila, Turner da Leiper, suka yi bayanin wata jaka da aka ciro daga naman haƙarƙarin wani mutum a arewacin Najeriya. Ta dangin tsilar da ke zama a hanjin kare ce, dangin nan da makiyaya suka san aikinsa idan ya shiga kan tunkiya ta kama juwa tana zagaye wuri ɗaya. A 2014 kuma likitocin Kambirij ta Ingila suka ba da labarin wani mutum da ɗan wata irin tsila mai tsawon santimita 1 ya shekara huɗu a ƙwaƙwalwarsa, yana tafiya sannu a hankali har ya ratsa santimita 5 daga wannan ɓari zuwa wancan.

"Ciwon masu cin naman alade ne, wanda ba ya ci babu ruwansa"

Wannan ita ce babbar jita-jitar, ita ce kuma ta fi cutarwa, don tana sa mutum ya saki jiki inda bai kamata ba.

Cin naman aladen da bai dahu ba yana sa uwar tsila a hanji, shi ke nan. Jakunkunan ƙwaƙwalwa da ido kuwa ba ta nama suke zuwa ba. Ta ƙwai suke zuwa, ƙwan kuma daga bayan gidan mutum mai ɗauke da uwar tsila yake fitowa. Hannun da bai ga sabulu ba ya taɓa abinci, ruwan sama ya kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi, ƙuda ya tashi daga juji ya sauka a faranti. Ƙwan ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jin ɗanɗanonsa.

A 1990 da 1991 aka sami mutum huɗu a birnin New York da 'ya'yan tsilar alade a ƙwaƙwalwa. Dukansu Yahudawa ne masu riƙon addini, waɗanda alade haramun ne a gare su kamar yadda yake ga Musulmi. Masu bincike suka bi diddigi, suka gano gidajen sun ɗauki masu aiki da suka fito daga ƙasashen Latin Amurka inda tsilar ta yi yawa. An buga sakamakon a 1992. A Kuwaiti ma an samu a jikin 'yan ƙasa Musulmi da ba su taɓa kai naman alade baki ba. A Indiya ana samunta a jikin mutanen da ko naman kaza ba sa ci. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Mu ma tsilar tana kusa da mu. Likitocin dabbobi sun ba da rahoton samun jakunkunan a jikin aladen da aka yanka a ƙaramar hukumar Ibi ta jiharmu Taraba a 2013. Wani binciken da aka buga a 2015 ya sami alamar cutar a jinin wasu mazauna birnin Kaduna.

Amma kada wani ya ɗauki wannan bayani ya mayar da shi sandar dukan maƙwabci ko yarinyar aiki. Aladen ma ba da tsila aka haife shi ba. A bayan gidan mutum ya tsince ta. Inda aka killace alade kuma kowa yana shiga masai, zancen ya ƙare. Mai ɗauke da uwar tsila sau da yawa bai ma san yana da ita ba, kuma shi ne na farko a cikin haɗari, don hannunsa zai iya mayar masa da ƙwan bakinsa. Maganinsa mai sauƙi ne, galibi sha ɗaya ne a asibiti. Shi kuwa wanda jakunkunan ke ƙwaƙwalwarsa, jakunkunan nan ba sa tsallakawa jikin kowa. A ci abinci da shi, a yi sahu da shi, babu komai.

"To ashe nama ba shi da laifi"

Rabi gaskiya, rabi kuskure. Nama ba ya kai jaka ƙwaƙwalwa kai tsaye, amma shi yake samar da uwar da ke zuba ƙwan. Wani likitan Jamus, Friedrich Küchenmeister, shi ya tabbatar da haka a 1855 ta hanyar da yau ba za a yarda da ita ba: ya ba wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa abinci mai ɗauke da jakunkunan, bayan an zartar da hukuncin ya buɗe hanjinsa ya tarar da ƙananan tsiloli sun fara kamawa.

Ga mafi yawan mutanen Sarkin Dawaki, tsilar da aka fi sani ita ce ta shanu, wadda gaɓoɓinta ke sulalowa da kansu mutum yana zaune cikin jama'a. Tana kawo ciwon ciki da rama da kunya, amma Allah ya rufa asiri, ƙwanta ba ya zama jaka a jikin mutum. Saniya ce take kwasar ƙwan a ciyawar da wani ya tsuguna a kai, jakunkunan su kwanta a naman kumatunta da harshe da zuciya. Shi ya sa ma'aikacin duba nama a mayanka yake tsaga waɗannan wurare kafin ya sallami nama. Dabbar da aka yanka a bayan fage ba wanda ya duba ta.

Wuta ce maganin abin. Nama ya dahu har jan cikinsa ya ɓace. Masana sun ce zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyos. Tsiren da aka yanka siriri ya gasu sosai ba abin tsoro ba ne. Balangu mai kauri da aka ɗauke a gaggauce cikinsa na tsattsafar jini, shi ne abin dubawa. Yaji da gishiri da lemon tsami ba abin dogaro ba ne. Daskarewa tana kashe jakunkunan, amma sai nama ya yi kwana 10 a sanyin digiri 10 ƙasa da sifili ba yankewa, kuma kowa ya san halin wutar lantarkinmu.

Maganar da ake yi wa yara cewa zaƙi ko nono ne ke kawo tsila, babu ita. Sukari yana ɓata haƙori, amma bai taɓa haifar da tsutsa ba.

"Tsutsar cikin kabeji ce take hawa kai"

An kusa gaskiya, sai aka kauce. Koriyar tsutsar da ake gani a ganyen kabeji ko latas ɗiyar malam-buɗe-littafi ce da danginsa, ba ta da hanyar zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ake tsoro shi ne wanda ba a gani, wato ƙwan tsila da ya manne a ganye idan an yi ban-ruwan lambu da ruwan da ƙazanta ta shiga, ko an yi taki da bayan gidan mutane. Kabejin bai yi laifi ba, ruwan ne.

Saboda haka ba barin ganye za a yi ba. A ɓare shi ganye-ganye, a wanke da ruwa mai tsabta ana zubarwa, ba a tsoma a roba ɗaya da aka wanke na safe da na rana ba. Karas da kokwamba a fere. Ruwan gishiri ba ya kashe ƙwan, cuɗawa da ɗauraya ne suke cire shi. Abin da aka dafa kuwa ya tsira.

"Farfaɗiya aikin iskokai ce, kuma ana ɗaukarta ta yawu"

Ɗauka ta yawu ƙarya ce tsagwaronta. Wannan magana ta sa an sha gudu a bar mutum yana shure-shure a gefen murhu ko bakin rafi, ta hana yara makaranta, ta kashe aure. Babu farfaɗiyar da ake ɗauka ta yawu ko numfashi ko taɓawa.

Game da musabbabi, ba muna ja da abin da addini ya tabbatar ba ne, kuma addu'a ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba. Amma farfaɗiya tana da dalilai da ake gani da ido a hoto: wahalar haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, buguwar kai a hatsarin babur, da 'ya'yan tsila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankuna da dama da tsilar alade ta yi katutu, ita ce sanadin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Ta kuma ƙiyasta masu jakunkunan a ƙwaƙwalwa a duniya tsakanin miliyan 2.56 da miliyan 8.3.

Abin da ya sa mutane ba sa haɗa ciwon da tsila shi ne jinkiri. Muddin jakar tana da rai, takan ɓoye kanta daga garkuwar jiki, mutum yana harkokinsa lafiya lau. Sai ta fara mutuwa jiki ya farga ya far mata, wurin ya kumbura, farfaɗiya ta tashi. Sojojin Ingila da suka yi aiki a Indiya su suka fara nuna haka ƙarara: suna komawa gida garau, bayan shekaru su fara faɗuwa. Likitan soja MacArthur ya yi rubutu a kai a 1934, sannan a 1961 Dixon da Lipscomb suka bi bayanan mutum 450, suka ga galibi ciwon yakan bayyana bayan kimanin shekara biyar, wasu har shekara 30.

Labarin tsaunukan Papua na ƙasar Indunusiya ya fi kowanne ban tausayi. A farkon shekarun 1970 aka kai aladu daga tsibirin Bali zuwa yankin tafkunan Paniai. Ba a jima ba asibitin Enarotali ya fara cika da masu mummunar ƙuna. Mutanen wurin a gefen wuta suke kwana saboda sanyi; farfaɗiya ce take kama su cikin dare su faɗa ciki. Da aka bincika, tsilar da ta zo tare da aladun ce.

Babba da bai taɓa faɗuwa ba, rana ɗaya ya faɗi yana da shekara 25 ko 40, wannan mai bukatar hoton ƙwaƙwalwa ne, na CT ko MRI. Haka mai ciwon kai da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tare da amai da dishi-dishin gani. A fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo ko Asibitin Ƙwararru na jiha, su za su faɗi mataki na gaba. Idan kuma wani ya faɗi a gabanka, janye shi daga wuta da ruwa, sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai. In abin ya wuce minti biyar, a nufi asibiti.

"Hanta mai jakar ruwa ba ta ciwuwa, a jefa wa kare"

Farkon maganar daidai ne, ƙarshenta shi ne masifar. Kowane mahauci ya san hanta ko huhun da ake buɗewa a ga ƙulli mai ruwa garai-garai a ciki. Sau da yawa wannan ɗan tsilar kare ne. Mutum ba ya kamuwa ta cin wannan hantar, ko da yake ba abin ci ba ce. Kare ne yake kamuwa. Jaka guda tana iya ɗauke da dubban kawunan tsila, kowane kuma zai zama uwa a hanjinsa.

Uwar tsilar kare 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce milimita 7 ba, karen ma ba ya nuna alamar ciwo. Amma kashinsa cike yake da ƙwai, ƙwan yana mannewa a gashinsa da bakinsa, yana zuba a tsakar gida da wurin kiwo. Tunkiya ta ci a ciyawa, yaro ya kwasa a hannu. A jikin mutum kimanin kashi 70 cikin 100 na jakunkunan a hanta suke sauka, kimanin 20 a huhu, ragowar su watsu: saifa, ƙoda, ƙashi, ƙwaƙwalwa, zuciya, bayan ido. Ba kamar ta alade ba, wannan jakar girma take yi shekara da shekaru, har ta iya ɗaukar lita da yawa ta ruwa. Wadda ta shiga ƙashi tana cinye shi ta ciki, sai ƙaramin tuntuɓe ya karya ƙafa. Wadda ta kama ƙashin baya tana iya danne laka ta shanye ƙafafu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci sama da mutum miliyan 1 suna fama da wannan ciwo. Makiyayan Turkana na arewacin Kenya, waɗanda karnuka ke kwana tare da su har suna lasar jarirai, suna cikin waɗanda ya fi addaba a duniya. A gida kuma, binciken da B. J. O. Dada na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi a mayankun Arewa a ƙarshen shekarun 1970 ya sami jakunkunan a shanu da tumaki da awaki, amma raƙuma suka fi kowa. A 2014, da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya suka jera ƙwayoyin cuta 24 masu rayuwa a jikin wasu halittu da ake samu ta abinci, tsilar alade ce ta ɗaya, ta kare ta biyu.

Ranar da ta fi kowace haɗari ita ce ranar Babbar Sallah. Kowane gida ya zama mayanka, babu likitan dabbobi, duk abin da aka ƙi daga kayan ciki sai a wurga bayan katanga, karnuka su yi tasu sallar. Abin da ya dace shi ne a ƙone shi, ko a binne a rami mai zurfi da kare ba zai tone ba.

"Kowane ƙullutu sakiya ce maganinsa"

Jita-jita ce mai iya kisa. Wanzami yana da aikinsa, amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata. Ƙullutu ɗaya a ido, dalilai goma a ciki. Wani kitse ne ya taru. Wani ƙaluluwar tarin fuka ce. A Taraba, musamman ga wanda ya zauna a yankunan Bali da Gashaka, yana iya zama ƙullin tsutsar da baƙin ƙudan bakin rafi ke yaɗawa, mai kawo ƙaiƙayi da makanta, wadda ake raba Mectizan dominta. Wani kuma daji ne a farkonsa, lokacin da ake iya cin ƙarfinsa.

In aka yi rashin sa'a jakar tsilar kare ce, huda ta babban ganganci ne. Ruwan cikinta idan ya fantsama a jiki yana iya sa numfashi ya sarƙe jini ya faɗi nan take, kuma kowane ɗan kai da ya zube zai iya tsirowa ya zama sabuwar jaka. Likitoci ma ba sa taɓa ta sai sun yi sikanin sun san irinta, sun fara ba da magani, sun tanadi kayan ceto a kusa. Daga nan su zaɓa: tiyata, ko zuƙe ruwan da allura a ƙarƙashin na'ura, ko magani kawai, ko su ƙyale wadda ta riga ta mutu suna lura da ita.

Shi ma ƙullin tsilar alade da ke ƙarƙashin fata, wanda ba ya ciwo, saƙo ne. Inda aka ga ɗaya a hannu, ana tambayar ko akwai wasu a kai.

"Maganin tsutsa na kemis ya wadatar"

Ga tsutsotsin hanji na yau da kullum, ƙwayar albendazole guda tana aiki, kuma rabon magani da ake yi wa yara a makarantu abu ne mai kyau da bai kamata a guje shi ba. Ga jakunkuna kuwa labarin daban ne. Na ƙwaƙwalwa sukan bukaci magani na kwana 10 zuwa 14, na hanta watanni, duk a hannun likita.

Dalili shi ne, maganin da ya kashe jakar shi ne yake tayar da kumburi a kewayenta. Kumburi a cinya ba komai ba ne, a cikin ƙoƙon kai kuwa babu wurin faɗaɗawa. Don haka ake haɗawa da maganin rage kumburi da na hana farfaɗiya, kuma ana duba ido kafin a fara, don kashe jaka a cikin ido yana iya tafiya da gani. Ita tiyata ake yi mata. Saurayin Faridabad ma da gangan likitoci suka ƙi ba shi maganin kashe tsilar, saboda yawan jakunkunan ya sa maganin zai fi ciwon haɗari. Jakar da ta mutu ta sandare ba ta bukatar maganin tsutsa sam, farfaɗiyar kawai ake kula da ita.

Saboda haka uwa ko uba da ɗansu ya taɓa faɗuwa, su faɗa wa masu rabon magani kafin a ba shi praziquantel na tsargiya. Babba kuma kada ya ga hoto a waya ya tsorata ya je ya haɗa wa kansa magunguna.

"Abu ne da ba a iya rabuwa da shi"

Tarihi ya ƙaryata wannan. A ƙarni na 19 tsilar kare ta addabi tsibirin Aisland fiye da kusan ko'ina a Turai. Wani likita ɗan Denmak, Harald Krabbe, ya je a 1863 ya yi nazari, aka buga ɗan littafi da harshen mutanen ƙasar aka raba gida-gida. Babu wani magani mai ƙarfi a lokacin. Hana karnuka kayan ciki, rage yawansu, da gina mayanka su suka yi aikin, har ciwon ya ɓace. New Zealand, ƙasar tumaki, ta bi sahu, ta sanar da kuɓutarta a 2002.

Tsilar alade ma an gwada ta an ga iyakarta, kuma kusa da mu. A yankin Mayo-Danay na arewacin Kamaru an gwada allurar rigakafin aladu mai suna TSOL18, wadda Marshall Lightowlers na Jami'ar Melbourne da abokan aikinsa suka samar, aka haɗa da maganin oxfendazole. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna ba a sami jaka mai rai a aladun da aka yi wa ba. A yankin Tumbes na ƙasar Peru an yi wa mutane da aladu magani tare, aka katse yaɗuwar a mafi yawan ƙauyuka, kamar yadda aka bayyana a 2016.

Tushen abin dai masai ne. Ƙididdigar gwamnati ta 2021 ta nuna kimanin mutum miliyan 48 a Najeriya suna bahaya a fili. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar zartarwa ta 009 don kawo ƙarshen haka, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta cimma wannan. Abin da Jigawa ta iya, Taraba ba za ta gaza ba.

Aikin kowa a bayyane yake. Mai gidan haya ya gina masai kafin ya ƙara ɗaki. Mai sayar da abinci ta ajiye sabulu kusa da buta, ta yanke farce. Sarkin fawa da mutanensa su tanadi ramin da za a riƙa zuba kayan cikin da aka ƙi, su hana karnuka shiga mayanka. Mai kare ya kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsila a kai a kai. Mai alade ya killace su. Mai unguwa da limamai da fastoci su faɗa wa jama'a cewa wannan ciwo bai san masallaci ko coci ba, kuma mai farfaɗiya majinyaci ne da ake kaiwa asibiti, ba abin gudu ba. Duk wanda ya ga fararen gutsattsari a bayan gidansa, ya ajiye kunya ya je a ba shi magani a wannan makon, don iyalinsa ne suke cin abin da hannunsa ya taɓa.